Yadda Ake Karanta Jerin 'Yan Wasan Hoki Kafin a Yi Hasashen Kaka

Ɗan ƙanwata ya same ni a shago bayan Isha'i, a nan Hindawiyya cikin Jidda, waya a hannu, rai a ɓace. Ya ce, "Kawu, yaron nan da ya yi ta zura ƙwallo a wasannin share fage, wai an mayar da shi ƙaramar ƙungiya. Ina adalci a nan?" Na ce ya ja kujera, na sa aka kawo mana shayi. Abin da na faɗa masa shi zan shimfiɗa a nan, don masu bin hokin ƙanƙara na gasar NHL, babbar gasar Amurka da Kanada, a cikinmu ba su da yawa, kuma kowane watan Satumba tambayar nan sai ta dawo.

Ni Jarome Iginla ne ya ja ni cikin wasan nan, tun da na ji cewa mahaifinsa ɗan Nijeriya ne. Ya ci ƙwallo 625 a gasar, yawanci da rigar Calgary Flames, kuma har yau ita nake goyon baya. Wasanninta na gida sukan fara wajen ƙarfe huɗu ko biyar na asuba a agogon Jidda. In aka kira sallah sai in kife waya in tafi masallaci, in dawo in ƙarasa. Wanda yake hana idonsa barci haka, ya kamata ya san abin da yake kallo.

Fara da ƙirga kujeru. Ƙungiya ba ta wuce 'yan wasa 23 a jerinta idan kaka ta buɗe, kuma 20 ne kawai ke sa riga a ranar wasa: yawanci 'yan gaba 12, 'yan baya 6, masu tsaron raga 2. Ɗauki takarda ka rubuta waɗanda kwantiraginsu da matsayinsu suka riga suka zaunar da su. Za ka ga an ci kujera goma sha tara ko ashirin tun ba a taka ƙanƙara ba. Duk hayaniyar sansanin horo a kan kujera uku ko huɗu ake yinta.

To, a nan ne ɗan ƙanwata ya tsaya, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Akwai ƙa'ida: ɗan wasan da ya kwana biyu a gasar, in ana so a sauke shi zuwa ƙaramar gasa ta AHL, sai an baje sunansa na awa 24 a gaban sauran ƙungiyoyi 31. Duk wadda take so tana iya ɗauke shi, kuma waɗanda ke ƙasan tebur su ake fara bai wa dama. Matashin da bai daɗe da sa hannu a kwantiragin farko ba, shi wannan ƙa'ida ba ta hau kansa. Ana iya sauke shi yau a dawo da shi jibi, ba wanda zai taɓa shi. Ka sa kanka a kujerar manaja. Kana da mutum biyu, kujera ɗaya. In ka sauke babban, wataƙila ka rasa shi har abada. In ka sauke yaron, duka biyun suna hannunka. Don haka kafin ka ce an yi zalunci, bincika wanne ne cikinsu ake iya saukewa lafiya lau. Sau da yawa amsar ke nan, ba sai an je da nisa ba.

Yaro ɗan shekara 18 ko 19 kuma yana da nasa lissafin. Yana iya buga wasa tara ba tare da shekarar farko ta kwantiraginsa ta fara ƙirguwa ba. Ya buga na goma, ta tafi. In ka ga sunan irin wannan yaro a jerin buɗe kaka, kar ka yi saurin gina hasashe a kansa. Jira wasa na goma.

Sai kuɗi. Akwai iyakar albashin da ƙungiya ba ta ƙetarewa: dala miliyan 88 a kakar 2024-25, miliyan 95.5 a ta 2025-26. Ƙungiyar da ta cika aljihun taurari uku ko huɗu dole ta cike ƙasan jerinta da masu araha, wani lokaci ma ta tafi da mutum 21 ko 22. Irin wannan, rauni biyu a watan Nuwamba ya isa ya tona mata asiri.

Ƙwallayen share fage kuwa, ka kalle su don jin daɗi. Rabin waɗanda ke kan ƙanƙara a daren ba za su ga watan Oktoba a babbar gasa ba. Abin da nake dubawa shi ne wa koci ya haɗa yaron da su. In ya sa shi tare da manyan 'yan gaba a wasa biyu na ƙarshe, da gaske ake.

Yanzu hasashe. Ni daga raga nake farawa, kuma ina ba ka shawarar haka. A farkon Janairun 2019 St. Louis Blues ce ta ƙarshe a duk gasar. Suka miƙa ragar ga Jordan Binnington, wanda ya fara kakar a AHL, a watan Yuni suka ɗaga kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar. Tambayi kanka: mai tsaron raga na ɗaya, kashi nawa cikin ɗari na bugun da ake yi masa yake tarewa a shekara uku da suka wuce, ba ta bara kaɗai ba? Wanda ke ƙasa da kashi 90 zai wahalar da ƙungiya komai kyan 'yan gabanta. Na biyunsa fa, zai iya riƙe wasa 25 ko 30? Wasannin kaka sun haura tamanin, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsu.

Bayan raga, ka yi hattara da shekarar da ta fi ƙarfin mai ita. William Karlsson ya ci ƙwallo 6 a kaka guda, ya koma Vegas ya ci 43 a 2017-18, kusan ɗaya cikin kowane bugu huɗu yana shiga, alhali yawancin 'yan wasa ɗaya cikin goma ne. Kakar da ta biyo ya ci 24. Ɗan wasa ne mai kyau, amma wanda ya rubuta masa 43 karo na biyu ya yi kuskuren lissafi. Ni ma na faɗa ramin nan. A 2022 da Calgary ta karɓo Jonathan Huberdeau daga Florida da makinsa 115 (ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci), sai na kwashe lambar ɗungurungum na ɗora a kan sabuwar ƙungiya, na rubuta mu a saman rukuni. Ban tambayi da wa zai buga ba, ko wane salo koci yake so. Ya gama da maki 55, muka rasa gurbi a zagayen fitar da gwani. Laifin alƙalamina ne.

Kada ka ce "za su yi kyau" ka tashi. Rubuta lamba. Nasara maki 2 ce, rashin nasara a ƙarin lokaci maki 1, ƙungiya 16 cikin 32 ke wucewa zagayen fitar da gwani, kuma layin yakan faɗo kusa da maki 95. Kusa na ce: a 2024-25 Calgary ta tara 96, St. Louis ma 96, aka duba wanda ya fi cin wasa a cikin lokacin ƙa'ida, muka zauna a gida. Wannan ta yi mini ciwo ƙwarai. Hasashen wanda zai ɗauki kofi kuma ka raba shi da na tebur, don Boston ta ci wasa 65 da maki 135 a 2022-23, Florida ta fitar da ita a zagayen farko.

Ina da ƙaramin littafi a aljihun teburin shago, kusa da na bashi. Kowace shekara nakan rubuta maki, da sunan mai tsaron raga, da dalili ɗaya tak, in sa kwanan wata, ba na sake buɗewa sai Afrilu. Daren nan na yaga wa ɗan ƙanwata shafi. Ya daɗe yana juya biro, sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, ina ake duba ko yaron nan yana cikin waɗanda ake saukewa lafiya?" Na karɓi wayar, muka fara daga shekarar da ya sa hannu.