Yadda ɗalibi zai ɗora alƙaluman ƙidaya a kan taswirar Kano da QGIS

1. Sauke QGIS, manhajar haɗa taswira, a kwamfutarka. Kyauta ce, babu ruwanka da kuɗin lasisi.

2. Ɗauko fayil ɗin iyakokin ƙananan hukumomin Najeriya daga shafin GRID3, mai samar da bayanan taswira, ka jefa shi cikin manhajar. Tace shi, ka bar 44 na Jihar Kano kawai.

3. Shirya alƙaluman ƙidayar 2006 a Excel: layin tsaye ɗaya na sunan ƙaramar hukuma, ɗaya na yawan jama'a. Adana shi a matsayin CSV, ka shigo da shi cikin QGIS.

4. A nan ake shan wuya. Dole rubutun sunaye ya zo ɗaya a fayilolin biyu. In wancan ya ce Nasarawa, naka ya ce Nassarawa, gurbin zai fito wayam. Bi su ɗaya bayan ɗaya, kar ka yi ƙyuya.

5. Shiga Properties na fayil ɗin iyakokin, ka zaɓi Joins, ka haɗa shi da na CSV ta layin suna.

6. A Symbology zaɓi Graduated, wato launi hawa-hawa gwargwadon girman adadi. Ni dai na fi son a raba yawan jama'a da faɗin ƙasa tukuna, don a ga bambancin cunkoson Dala da na Doguwa sosai.

7. Sa ma'auni, da kibiyar arewa, da shekarar ƙidayar, sannan ka fitar da hoton.