Babi na 6: Karanta wa Abokan Aiki Sanarwar Taimakon Gaggawa

Darasi na 1: Tallafi ne ko rance?

Iyayena da yayyena, da yawa daga cikinku kuna aiki a injinan casar shinkafa ko wajen lodin buhuna, kuma tun da kuka fara haɗa baƙi, ku ake miƙa wa takarda a ce ku karanta wa sauran. Wasu wuraren aiki suna ware kuɗi domin ma'aikacin da gobara ko jinya ko rasuwa ta same shi, ko kuma ambaliya irin wadda ta cinye shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi a daminar 2020.

Idan sanarwar ta zo hannunka, kada ka fara karantawa a bainar jama'a. Koma gefe, ka ɗora yatsa a layin farko, ka bi a hankali har ka ga ɗaya daga cikin kalmomi biyu: tallafi ko rance. Tallafi kyauta ne, ba a mayarwa. Rance bashi ne, kuma galibi daga albashi ake cire shi wata-wata. Ɗauki fensir ka ja layi a ƙarƙashin kalmar. Ka ja? Madalla, hannunka ya fara faɗawa.

Yanzu sake dubawa: tallafi aka rubuta ko rance? Idan takardar da Turanci take, je wurin akawu ka ce, "Ranka ya daɗe, za a mayar da kuɗin nan ko kyauta ne?" Sai ka ji amsa da kunnenka sannan ka tara mutane, kuma kalmar nan ita za ka fara faɗa, kafin yawan kuɗin, domin da zarar an ji adadi babu mai sauraron sauran bayani.

Na sha faɗar wannan a aji, amma har yanzu wasu, saboda ɗokin kai albishir, sukan ce wa mutane "an ba ku", sai ƙarshen wata magidanci ya tarar an yanke masa albashi, ya riƙe ku a zuci. Wannan ganganci ne, ba ƙarancin ilimi ba. Rubuta kalmomin biyu sau goma-goma a littafinka kafin gobe.

Darasi na 2: Wa'adi da lambobi

Faɗi ranar rufe karɓar fom da sunan ofishin da za a kai shi. Lambar asusun banki alƙaluma 10 ce, ta katin ɗan ƙasa kuwa 11, saboda haka a ƙirga kafin a miƙa. Wanda kunya ta hana shi tambaya a cikin taro, ka same shi shi kaɗai, kuma sirrinsa ya tsaya a wurinka.

Darasi na 3: Rauni a bakin aiki

Wannan ba ya cikin taimakon gaggawa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ce ta tanade shi, sai a sanar da shugaban aiki nan take.

Darasi na 4

A liƙa kwafin sanarwar a ƙofar shiga, inda ruwan sama ba zai taɓa ta ba.