Yadda Ake Zaga Alƙahira da Sassarfa Kafin Gari Ya Cika

Mutanenmu da yawa suna zuwa Alƙahira, wasu karatu a Azhar, wasu jinya, wasu kasuwanci, amma akasarinsu ta gilashin mota suke ganin garin. Ni a ganina wannan asara ce. Idan kana da lafiyar ƙafa da takalmin gudu, awa ɗaya da sassafe za ta nuna maka yadda Misirawa suke tashi neman abinci, abin da ba a gani a wajen dalar Fir'auna.

Mataki na farko shi ne zaɓen rana, kuma Juma'a ce. Ranar hutu ce a Masar, mutanen garin kuwa masu daren hira ne, don haka titunan da ko tsallakawa ba ka iya yi ranar Litinin za ka tarar da su fayau. Ka fita da zarar an idar da sallar asuba. Safiyar Juma'a ce ma lokacin da ƙungiyar Cairo Runners, wadda aka kafa a 2012, ta saba tara masu gudu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu akwai sanyi sosai, ka sa riga mai dogon hannu. Daga Maris zuwa Mayu kuwa iskar hamsin takan taso da ƙura, ranar da ka ga sama ta yi ja ka haƙura.

Sai shiri. Dogon wando ya fi gajere mutunci a unguwannin tsohon gari, ga maza da mata duka, kuma 'yan'uwa mata su fita su biyu ko uku. Ka ɗauki 'yan canjin fam, kuɗin Masar, da kwafin fasfo, da adireshin masaukinka rubuce da Larabci. Abin jin waƙa na kunne kuwa ka bar shi a ɗaki. Kana buƙatar kunnenka saboda motoci, kuma rabin daɗin garin a kunne yake.

Mataki na uku, hanya. Ga sabon zuwa, ka fara daga dandalin Tahrir ka hau gadar Ƙasarun Nil, wadda aka buɗe a 1933, mai zakoki huɗu na tagulla, biyu a kowane bakinta. Ka sassauta a tsakiyar gadar ka leƙa ƙasa: za ka iya ganin masunci da ɗansa cikin ƙaramin kwalekwale, ɗaya yana jan taru, ɗaya yana dukan ruwa da sanda don ya koro kifi. Da ka tsallaka kana tsibirin Jazira. Hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187 tana damanka, ita ce alamarka idan ka rikice. Ka miƙe arewa zuwa Zamalik, inda bishiyoyi suka yi wa titi rumfa, masu gadin benaye kuma suna zaune cikin jallabiya da kofin shayi, wasu na wanke motocin masu gida.

Amma hanyar da na fi so in ba ka ita ce ta gabas. Daga Tahrir ka bi ta dandalin Ɗal'at Harb zuwa Ataba, ka kama titin Azhar har ka iso titin Mu'izz, kimanin kilomita uku. Mu'izz ya ratsa tsohon birnin Faɗimiyyawa, daular da ta kafa Alƙahira, daga ƙofar Futuh, ginin 1087, zuwa ƙofar Zuwaila, ginin 1092. Da yamma ba a samun wurin sa ƙafa. Da asuba kuwa daga kai sai maguna da mai shara, kana jin sautin takunka a kan dutsen da aka shimfiɗa. Masallacin Azhar, wanda aka fara gininsa a 970, yana nan kusa.

Nan ne mataki na huɗu yake, wanda shi ne gaba ɗaya dalilin fitar: ka rage gudu. Kada ka damu da agogo. Ka ba wa mai burodi hanya, saurayi ne a kan keke, ya ɗora doguwar ragar katako a ka, cike da burodin baladi mai zafi hawa biyu, hannu ɗaya ya dafe kayan, ɗaya yana tuƙi, yana ratsa lungu ba ya ko tangaɗi. Ka ɗaga kai sama ma. Wata dattijuwa za ta zuro kwando da igiya daga hawa na huɗu, mai shago ya ɗauki kuɗin da ke ciki, ya zuba mata kaya, ta janye abinta. Ƙarar da kake ji ƙwal-ƙwal daga nesa mai sayar da gas ne yake buga sifana a jikin tukunya. Duk wanda kuka haɗa ido ka yi masa sallama, za ka ga yadda fuska take sakewa.

Sai hattara. Direban Alƙahira ba ya jiran mai ƙafa, don haka idan za ka tsallaka babban titi ka daina gudu, ka tsaya kusa da ɗan gari, ka taka tare da shi. Karen unguwa ya biyo ka, ka koma tafiya, kada ka ƙara mai. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda ko sojoji ko ginin gwamnati, mutum kuma sai da izininsa.

Ka ƙare gudun a gaban amalanken mai ful. Wake ne da ya kwana yana dahuwa cikin tulun ƙarfe mai ƙaramin baki, a kwaso shi da dogon ludayi, a zuba mai da lemun tsami da gishiri, ka ci a tsaye da burodi tare da leburori da direbobi. Ka nemi a haɗa maka da ɗa'amiyya, wadda take kamar ƙosanmu sai dai cikinta kore ne saboda ganye. Idan ƙafa ta gaji, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ataba ba ta da nisa, akwai kuma taragun mata zalla a tsakiyar jirgin. Ka koma masauki da wuri, ka yi wanka ka shirya wa masallaci.