Yadda ake karanta littafin tarihin Turai ba tare da sarakunansu sun rikita ka ba

Akwai wani littafin juyin juya halin Faransa a kantata da ya fita aro sau huɗu, kuma sau huɗu yana dawowa da 'yar takardar alama a maƙale wajen shafi na 50. Duk wanda ya dawo da shi sai ya ce Turancin ne ya yi tsauri. Ban yarda ba, don ɗayansu lauya ne, da Turanci yake cin abinci. Abin da ya kada su shi ya kada ni shekarun baya, wato sunaye. Za mu zo kansu, amma bari mu fara da sayen littafin.

Ka zaɓi mutum ɗaya. Kada ka kuskura ka fara da irin kundin nan da ya ɗauko Turai tun daga Girkawa har yaƙin duniya na biyu, kowane shafi sarki uku sun hau biyu sun mutu. Nemi tarihin rayuwar mutum guda, wanda za ka bi tun daga haihuwa har kabari. Ni Napoleon, janar ɗin da ya zama sarkin Faransa, nake ba kowa. An haife shi a tsibirin Corsica a 1769, ya mutu a tsare a tsibirin Saint Helena a 1821, a tsakani kuwa yaƙi ya kai shi Italiya, Masar, Ostiriya, Sifen har cikin Mosko. In ka riƙe gefen rigarsa, ka zaga nahiyar gaba ɗaya ba ka biya kuɗin mota ba. Littafin kada ya wuce shafi 400. Sabo dal yanzu kuɗinsa sai ya yi cefanen mako, don haka ka leƙa wajen masu baza tsoffin littattafai a bakin jami'a. Kafin ka yi ciniki, juya baya ka ga ko fihirisar sunaye tana nan. In an yage ta, ajiye, ko da rabin kuɗi aka sallama maka. Na waya kuma ban hana ka ba, amma wannan karatu ne na koma-baya-ka-duba, kuma yatsa a cikin takarda ya fi saurin gano wuri.

Sai taswira, amma ta zamanin da kake karantawa. Ta bangon ajin firamare za ta ɓatar da kai, domin a zamanin Napoleon babu ƙasa mai suna Jamus, sai a 1871 aka haɗe ta. Italiya ma sai 1861. Abin da za ka tarar shi ne Prussia da Bavaria da Saxony da tarin ƙananan masarautu. Poland kuwa an rabe ta an cinye tun 1795, ba ta dawo da 'yancinta ba sai 1918. Yawancin littattafan kirki suna da taswira a shafukan farko, ka naɗe kusurwar shafin.

To, ga inda mutane ke zubewa. Mu nan in sarakuna sun yi tarayya a suna, laƙabi ke raba su. Kano ta yi Muhammadu Rumfa, ta yi Muhammadu Kisoki, ta yi Muhammadu Zaki, ta yi Muhammadu Alwali, ba wanda ke haɗa su. Turawa lamba suke liƙa wa nasu, lambar ma ta Rumawa. Ni da kaina na yi kwana da kwanaki ina mamakin yadda aka yi sarkin Faransa da ya gina fadar Versailles ya ƙare a injin fille kai a 1793. Ashe idona ne ke karanta XIV da XVI a matsayin abu ɗaya. Louis na 14 ya hau a 1643, ya yi shekara 72 a gado, ya mutu a kan shimfiɗarsa a 1715. Da shi aka fille wa kai, da yana da shekara 154 a ranar. Tattaɓa-kunnensa ne ya gaje shi, Louis na 15, shi kuma jikansa ya gaje shi, Louis na 16, wanda aka kashe. Na 17 yaro ne, ya mutu a kurkuku a 1795 bai taɓa mulki ba. Na 18 ƙanin wanda aka kashe ne, ya hau a 1814. Ka ga lamba ba ta nufin ɗa ya bi uba.

Maganinsa fensir. Duk inda ka ga lambar Rumawa a shafuka 30 na farko, rubuta tamu a samanta, 14 ko 16. Sannan ka yi musu irin namu, ka raɗa wa kowa laƙabi: Louis mai Versailles, Louis mai guntun kwana, Louis na bayan Napoleon. Ba jarrabawa za ka rubuta da su ba, kai kaɗai ka san su.

Tarko na biyu ya fi wannan dabara, duk da cewa Bahaushe ya kamata ya fi kowa gane shi. Mun saba a ce Sardauna, kowa ya san Ahmadu Bello ake nufi, mun kuma san mutum kan tashi daga wata sarauta ya koma wata, sunan da ake kiransa ya canza. Haka manyan Turai suke, sai dai marubucin ba ya tsayawa ya yi maka sanarwar naɗi. Hafsan Ingila da za ka gani yana yaƙi a Indiya a 1803 da sunan Arthur Wellesley, shi ne Wellington ɗin da ya tsaya a Waterloo, yaƙin ƙarshe da aka ci Napoleon, a 1815. Sarauta aka ba shi, sunan yanka ya ɓace daga littafin. Sannan sarautar kan zauna, mai ita ya tafi. Duke na Orléans da ya riƙe wa yaro Louis na 15 mulki daban, wanda ya jefa ƙuri'ar a kashe Louis na 16 daban. Wani sarkin ma lamba biyu gare shi, James na 6 a Scotland shi ne James na 1 a Ingila daga 1603. Ga kuma Cromwell biyu, Thomas wazirin sarkin Ingila Henry na 8 da aka fille wa kai a 1540, da Oliver wanda a zamaninsa aka fille wa sarki Charles na 1 kai a 1649. Henry ɗin nan ma ya ƙara dagula lissafi, matansa shida, uku Catherine, biyu Anne. Napoleon na 3 da ya yi sarauta daga 1852 zuwa 1870 kuwa ɗan ƙanin na farko ne.

Abin da nake yi, kuma ban yarda akwai hanyar da ta fi shi ba: falle ɗaya na takarda, a ninke, yana zaune cikin littafin. Layi uku, sunan mutum, sarautarsa, da abin da ya haɗa shi da wanda nake bi, ko suruki ne ko abokin gaba ko mai ba da bashi. Amma ba kowa ke shiga ba. Sai suna ya fito sau uku nake rubuta shi. Masu sabon shiga kan rubuta kowane janar da kowane limamin coci, kafin babi na uku takarda ta cika, su gaji, su ajiye littafin. Mafi yawan mutanen nan 'yan rakiya ne, sau ɗaya za su gifta. In suna ya dawo ka manta shi, fihirisa za ta nuna maka shafin da ya fara fitowa.

Shekaru kuma kada ka haddace su, ka ɗaure su a turken da ka riga ka sani. A 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu aka gwabza a Tabkin Kwatto, a watan Disamba na wannan shekarar Napoleon ya ɗora wa kansa kambin sarauta a Paris. Tun da na riƙe wannan, duk abin da na karanta sai in tambayi kaina, kafin jihadi ne ko bayansa? Ka tuna kuma ƙarni na 18 yana nufin shekarun 1700 da wani abu. In ka ci karo da Thermidor ko Brumaire, sunayen watanni ne na kalandar da 'yan juyin juya hali suka ƙirƙiro, na farko faɗuwar Robespierre, jigon 'yan juyin juya halin, a Yulin 1794 ake nufi, na biyu juyin mulkin Napoleon a Nuwamban 1799.

Sauran ba wuya. Bayanan yaƙi, wace runduna ta bi hagu wace ta bi dama, ka tsallake in sun gundure ka, ka duba wa ya ci da abin da aka ƙwace. Ka lura da marubuci in ya fara cewa “wataƙila ya ji a ransa”, nan hasashe yake yi. Mai rubuta tarihin mutum ɗaya yakan shekara da shekaru tare da shi, ƙarshe ya zama ko marokinsa ko mai ƙararsa, don haka littafi na biyu ka nemo na ɗaya ɓangaren. In na farko Bafaranshe ya rubuta, na biyu ya zama na Baturen Ingila. A na Ingilan, ka buɗe fihirisa ka nemi Blücher, tsohon janar ɗin Prussia da rundunarsa ta iso Waterloo da yamma ta karya Faransawa, ka ƙirga shafi nawa aka ba shi, ka ƙirga na Wellington.