Yadda ake rage kolestirol da siterol da sitanol na tsirrai

Yawancin waɗanda ke dawowa suna cewa "na gwada, bai yi mini komai ba" wuri ɗaya suke tuntuɓe, wato lokacin shan siterol ko sitanol ɗin. Za mu zo kansa.

Fara da gwajin jini. A auna maka LDL, kolestirol ɗin da ke taruwa a bangon jijiya, ka adana takardar. Ba tare da ita ba babu yadda za ka san ko kuɗinka sun yi aiki.

Sai adadi. Siterol da sitanol sinadarai ne na cikin tsirrai, ƙirarsu ta yi kama da ta kolestirol, don haka in sun haɗu a hanji sai su rage masa hanyar shiga jini, wani kaso ya fita da bayan gida. Abin da ake nema shi ne giram 2 a rana. Giram 1.5 zuwa 3 kan sauke LDL da kashi 7 zuwa 12 cikin ɗari a mako biyu zuwa uku. In ka haura giram 3 ɓarnar kuɗi ce kawai.

Wani zai ce ai akwai su a gyaɗa da riɗi da waken suya. Akwai. Amma abincinmu na yau da kullum bai cika ba da fiye da miligiram 200 zuwa 400 ba, kuma kafin gyaɗa ta ba ka giram 2 sai ka ci kusan kilo guda. Dole sai kayan da aka ƙara wa sinadarin: botar shafawa irin su Benecol, wadda ta fara fitowa a Finland a 1995, ko Flora ProActiv, ko ƙananan kwalaben yogot, ko kafso na kyamis. Daga waje ake shigo da su, ga tsada, kuma ba kowane kanti ke ajiyewa ba. Ni kafso na fi so, don ba ruwansa da firji, ka kuwa san halin wutarmu. Ko wanne ka saya, juya bayan robar ka ga giram nawa ne a kowane sha. Botar gama-gari da ake shafa wa burodi ba ta cikin lissafi.

To ga inda ake faɗuwa. Mutum ya tashi da asuba ya haɗiye kafso da ruwa, ciki ba komai, kamar maganin hawan jini. Shi kuwa siterol a cikin hanji yake aikinsa. Sai ka ci abinci mai ɗan maiƙo sannan madaciya ke matso ruwanta, kuma a cikin wannan ruwan ne kolestirol mai yawa ke sauka hanji. In siterol ya shiga babu abinci, ya je kasuwa ranar da ba ta ci ba. Saboda haka a tsakiyar babban abincinka za ka sha, ko tuwon dare ne da miyar taushe, ko shinkafa da wake na rana. Loma uku, kafso, ka ci gaba da ci. Kofin shayi ba abinci ba ne. Da azumi kada ka sha da dabino da ruwan buɗa-baki, bari sai an kawo abinci mai nauyi. Kuma kullum ne. In ka daina, cikin 'yan makonni LDL zai koma inda yake.

Kada ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka, musamman statin. Shi yana rage wanda hanta ke haɗawa, siterol kuwa yana tare na hanji, tare suke tafiya. Man shanu, kitsen tsire, kayan ciki da soye-soye a rage. Ƙara karas, zogale, alayyafo da mangwaro, don siterol na ɗan rage shigar sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A.

Mai ciki, mai shayarwa da yaran ƙasa da shekara 5 ba nasu ba ne, haka mai lalurar gado da ake kira sitosterolaemia. Wanda kolestirol ɗinsa ke daidai ma ya riƙe kuɗinsa. Bayan wata uku ka koma a sake ɗibar jini, ka kai wa likita takardun biyu.