Yadda Mace Mai Ciwon Zuciya Za Ta Zaɓi Hanyar Tazarar Haihuwa

A Katsina da kewayenta, mata da yawa ba sa sanin suna da ciwon zuciya sai sun haihu, lokacin da haki ya hana su kwanciya a miƙe, ƙafafu suka kumbura, tari ya dame su cikin dare. Wasu raunin tsokar zuciya ne da ke zuwa a watan ƙarshe na ciki ko cikin watannin jego, wasu kuma ƙofofin zuciya ne suka lalace tun daga ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba. Idan mace ta ɗauki ciki, jinin jikinta yakan ƙaru da kusan rabi, kuma zuciyar da ta riga ta gaji ita za ta tura shi har wata tara, sannan ta jure naƙuda. Saboda haka ina ganin tazarar haihuwa ga irin wannan mace magani ce daidai da ƙwayoyin da take sha.

Abu na farko shi ne ta san matsayin zuciyarta. Ta nemi a yi mata hoton zuciya da ake kira eko, a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kuma ta tambayi likita ƙarara ko za ta iya sake ɗaukar ciki, da kuma yaushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa haɗarin gida 4, kuma a gida na 4 akwai mai hawan jinin jijiyoyin huhu, da wadda ƙofar zuciyarta ta tsuke ƙwarai, da wadda ciwon zuciyar jego ya kama amma ƙarfin zuciyar bai dawo daidai ba. Waɗannan ana ba su shawarar kada su ɗauki ciki, ko da kumburi ya saɓe suna jin sun warke.

Ya kamata maigida ya zauna a wannan ganawa ya ji da kunnensa, domin shi ne zai amsa tambayoyin uwarsa da dangi idan aka ga shekaru sun wuce babu ƙani. Idan akwai damuwa ta addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara bisa yardar ma'aurata, kuma ta keɓe yanke haihuwa baki ɗaya ga halin larura.

Sai zaɓen hanya. Abin da ya fi muhimmanci a guje wa shi ne ƙwayar tazarar haihuwa da ke ɗauke da sinadarin istrojin, wadda ake saye a kemis ba tare da tambaya ba, domin tana ƙara haɗarin daskarewar jini da hawan jini, kuma gudan jini a jikin mai ciwon zuciya yana iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki. Ashanar da ake sa wa a damtse, wato Implanon mai shekara 3 ko Jadelle mai shekara 5, ba ta da istrojin, kuma a cikin mata 100 ba a samun ko ɗaya cikakkiya da ke ɗaukar ciki a shekara. Ita nake fara ambata wa mafi yawan mata, sai dai tana rikita al'ada, kuma maganin tarin fuka na rifamfisin yana rage ƙarfinta.

Robar mahaifa ma tana da inganci kamar haka, amma iri biyu ce. Mai jan ƙarfe tana kai shekara 10, sai dai tana ƙara jinin al'ada, abin da bai dace da mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ko mai ƙarancin jini ba. Mai sinadarin homon kuwa rage jinin take yi. Wajen sa robar wasu mata kan ji jiri har su suma, don haka mai ciwo mai tsanani a asibitin da ke da kayan taimakon gaggawa za a sa mata. Allurar wata 3 tana iya tara ruwa a jiki, ba a fara ta sai da izinin likitan zuciya. Kwaroron roba da azalu ba su isa su kaɗai ba, domin kuskurensu yana da yawa, haka ma dogaro da shayarwa, wanda ba ya wuce wata 6 kuma sau da yawa yake ƙarewa da kwanika. Wadda ta gama haihuwa tana iya neman a ɗaure bututun mahaifa, musamman idan dama tiyata za a yi mata.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin a sallame ta daga asibiti bayan haihuwa, tun ba ta tafi gida wanka ba, domin da zarar an yi arba'in ta koma ɗakinta ciki yana iya shiga kafin al'ada ta dawo. A zaman jegon kuma ta bar kunun kanwa da yawan gishiri, domin suna tara wa zuciya ruwa.

Idan kuwa al'ada ta ɗauke alhali tana shan warfarin, ko lisinopril, maganin hawan jini da zuciya, da danginsa, waɗanda ke iya cutar da ɗan tayi, kada ta daina su da kanta. Ta yi gwajin ciki a ranar, ta tattara magungunanta duka ta kai wa likitanta cikin makon, shi ne zai sauya mata da waɗanda suka dace.