Kurakuran da ke kashe shukar tukunya a Damagaram

A garin da ake bin ƴan garuwa ana sayen ruwa bido-bido, sai ka ɗauka ƙishirwa ce ke kashe shukar cikin gida. Ina! Yawan ruwa ya fi kashe ta. Alobera ta farko da na mallaka haka na gama da ita: kullum in na idar da alwala sai in juye mata sauran ruwan buta, ni a dole mai tausayi. Bayan wata biyu na taɓa ganyen tsakiya ya biyo hannuna, gindin ya yi luguf kamar dafaffiyar kabewa, ga wari.

Alobera, moda, kariya, karan masallaci da duk mai kaurin ganye ko kaurin gindi, guzurinta na ruwa a jikinta yake. Saiwarta iska take so, in ƙasa ta daɗe a jiƙe sai ta ruɓe. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, wadda saiwarta ta ruɓe ita ma yaushi take yi, sai a ce ƙishirwa ce a ƙara mata. Kafin ki ɗauko buta, soka tsinke har ƙasan tukunya. Ya fito da danshi? Ki ƙyale ta. In ya fito a bushe ki ba ta ta ƙoshi har ruwa ya ɗiga ta ƙasa, sannan ki manta da ita. A bazara yakan kama sau ɗaya a mako, a hunturu kuwa tana iya yin mako 2 ko 3. Kariya ma zubar da ganye take yi da rani, ba mutuwa ba ce, hutu ne, kuma a lokacin ne take fidda furen nan nata mai ruwan hoda.

Wadda ta fara ruɓa ba a yanke mata ƙauna. A tumɓuke ta, a datse duk inda ya yi baƙi da wuƙa mai tsabta, a ajiye ta a inuwa kwana 3 zuwa 5 har bakin yankan ya bushe. Sai a dasa ta a busasshiyar ƙasa, a yi mako guda ba a ba ta ruwa ba.

Sai maganar mazubi. Gwangwanin madara, bokitin fenti, bidon da aka yanke, duk suna yi, amma sai an huda gindinsu da ƙusa mai zafi. Zuba tsakuwa a ƙasa ba ya maye gurbin huji. Ni dai na fi son tukunyar ƙasa irin ta Miriya, ita ma a huda ta. Yadda randa ke tsatso ta sanyaya ruwa, haka take sanyaya saiwa ta kuma busar da ƙasa da wuri. Baƙar roba a kan siminti cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, dafa saiwar take yi.

Ƙasar da za a zuba ma ana kuskure. Lakar bakin tabki ta tubali ce, in ta bushe ta zama dutse, in ta jiƙe ta riƙe ruwa. Kashi biyu na yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya na ƙasar lambu, da ɗan tsohon taki da ya riga ya ruɓe, ya isa. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi.

Wasu kuma da sun ji an ce shukar hamada ce sai su dire ta tsakar gida rana ta yini a kanta. Wadda ta taso a inuwar mai saida shuke-shuke ba ta saba ba, ganyen alobera sai ya koma ja-ja ya ƙanƙance. Hantsi take so, daga azahar kuma inuwa. Kada kuma a kulle ta a ɗaki mai duhu, za ta yi ta miƙewa siririya tana neman taga. Moda ce kaɗai mai haƙurin wannan. In damina ta kankama a Agusta, a janye tukwane daga bakin indararo.

Yanzu ga wadda ake gani a waya ana sha'awa, mai ɗan tulu a bakin ganye da ƙwari ke faɗawa ciki ta narkar da su. Abin da na faɗa a sama kan ruwa da ƙasa, a wajenta juya shi ake yi. Sunanta Nepenthes, ƴar dazuzzukan Borneyo da Sumatara ce, inda iska ke ɗauke da danshi shekara duka. Ƙasar can ba ta da abinci, shi ya sa ta koma cin ƙwari. Saboda haka taki guba ne gare ta, ƙasar lambu ma haka. A gansakuka ake dasa ta, ko ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sau da yawa, kuma ba a barinsa ya bushe.

Ruwan pampo shi ne babban mai kashe ta. Namu daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, daga su Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma ruwan ƙasa yana ɗauke da gishirin ma'adinai da ke taruwa a tukunya sannu a hankali har saiwa ta ƙone. Tafasawa ba ta fidda shi, ƙara masa kauri ma take yi. Ruwan leda ma ba mafita ba ne. Ruwan sama take so, a bar na farko ya wanke rufi sannan a tara, ko kuma wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Kada a jefa mata nama ko tuwo a tulu, ruɓa zai yi. Ƙuda ko tururuwa ɗaya-biyu a wata sun wadatar, in ma ba ta kama da kanta ba.

Ko an kiyaye duk wannan, hunturu na nan. Iskar da ke tsaga mana leɓe a Janairu ita ke busar da tulunan tun suna ƙanana. Sai an sa ta cikin akwatin gilashi ko an yi mata rumfar farar leda kusa da taga, inda rana ba ta dukanta kai tsaye. Ɗaya mai cin ƙwarin da ake kira Sarracenia, ta Amurka ta Arewa, sai ta samu watanni na sanyi sosai tana barci, abin da Damagaram ba ta da shi. Wanda ya nemi shawarata, kuɗinsa ya sayi kariya uku.

Farin abu kamar auduga a matsematsin ganye ƙwaro ne mai tsotso. A goge shi da auduga da alkol, a sake dubawa bayan mako. Kariya kuma ruwan jikinta dafi ne, a wanke hannu bayan an datse ta, a ɗora tukunyar inda yaro da akuya ba sa kai wa.